Na je ziyarar Annabi Ibrahim na dawo ina neman dutsen niƙan Iya

Duk wanda ya sanni ya san abunda ke kai ni Turkiyya, sari ne kawai. In sauka Istanbul in kama ɗaki a Aksaray, gari na wayewa in faɗa Laleli da Merter da Osmanbey in ɗebi dogayen riguna da mayafai da kayan yara da 'yan kayan kicin na masu oda, in kai wa 'yan kago su auna su rubuta, kwana biyar ko shida na juyo Kano. Nai wannan zirga-zirgar ba adadi amma in ka cire masallacin Sultan Ahmed da kabarin Abu Ayyubal Ansari babu inda na taɓa leƙawa, kullum lissafin dala da lira ne a kaina. To wannan karon autanmu da ke karatu a Gaziyantep shi ya tsare ni a waya, yace Yaya shekarata huɗu a ƙasar nan kina shigowa kina fita baki taɓa zuwa kin ga inda nake kwana ba, ko lokacin girgizar ƙasar 2023 da muka dinga kwana a waje cikin sanyi a waya kawai kika ji labari. Maganar ta taɓa ni gaskiya. Da yaji nai shiru sai ya ƙara da cewa kuma fa Urfa garin Annabi Ibrahim daga nan awa biyu ne a bas. Shikenan, na sallami 'yan kago na hau jirgi zuwa wajensa.

Kwana ɗaya nai a Antep ɗin, na ga ɗakinsa na ga abokan zamansa, yaran kirki, na dafa musu shinkafa da wake da mai da yaji. Washegari muka kama hanyar gabas. Watan Oktoba ne zafi ya sauka, hagu da dama gonakin fistik ne, wannan 'yar gyaɗar bishiyar mai koren ciki da suke zubawa a baklawa, wani kayan zaƙinsu. Ina gyangyaɗi Auta ya taɓo ni yace Yaya duba taga, Furat ne. Wallahi sai da na miƙe zaune. Kogin da tun muna islamiyya muke jin sunansa a hadisi gashi nan ƙarƙashin gada wajen wani gari Birejik, ruwan kore shar ya kwanta luf, ban gama kallo ba bas ta wuce.

Sunan garin a takarda Shanli'urfa amma kowa Urfa yake cewa. Turkawa da Kurdawa da Larabawa ne a cakuɗe, a rumfa ɗaya sai kaji yare uku, kuma abunda idona ya fara kamawa ni mai saida mayafi shine wani ɗankwali ruwan makuba da suke ɗaurawa maza da mata duka, dattijo da gemunsa fari tas ya naɗa abunsa a ka. Muna ajiye jaka muka nufi Balikligol, ma'anarsa tafkin kifi. Jama'a wajen nan yana da kyau. Dogon tafki ne an gine gefensa da farin dutse, masallaci a jikinsa, ga kifaye manya baƙaƙe sun cika ruwan, ka watsa musu abinci su taso suna hawa kan juna, kuma ba mai kamawa balle ci. Mutanen garin sun ce nan ne Lamarudu ya jefa Annabi Ibrahim alaihissalam a wuta, wai wutar ce ta zama ruwan itacen ya zama kifin. Zancen wuta ta zama sanyi da aminci kam mun san shi a Suratul Anbiya, na kifin kuma hikayar mutanen garin ce, kuma akwai masu tarihi da yawa da ke cewa Ur ta kudancin Iraƙi ce mahaifarsa, Allah shine masani. Na dai shiga kogon da suke cewa nan aka haife shi, ƙofar mata daban ta maza daban, sai ka sunkuya, ciki mata ne zaune suna karatu wasu na hawaye, wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana ta min magana da Kurdanci, bana ji amma na gane addu'a ce. Nai magariba a masallacin gefen na fito zuciyata wasai, a raina nace to abunda ya kawo ni ya biya.

Da asuba Auta ya ja ni karin kumallo, ashe mutanen Urfa da gasasshiyar hanta suke karyawa, a tsire ta a tsinken ƙarfe a kawo maka da gurasa mai zafi da albasa da wani barkononsu isot, baƙi-baƙi mai ɗan danshi, yajinsa baya dukanka nan take sai can daga baya. Muna ci yace Yaya yau akwai inda zan kai ki, Gobekli Tepe, kilomita 15 ne kawai. Nace menene a can? Yace duwatsu. Nace Auta ni da nake son zuwa maƙamin Annabi Ayuba in zaga kasuwa in ji farashin mayafan nan zaka kai ni kallon duwatsu? Yace don Allah Yaya ki ban awa uku. Direban tasin da muka samu dattijo ne Bakurde, Auta na ce masa amja wato baffa, shi kuma yana ce min bajim, 'yar uwata kenan. Muna fita gari hanya ta fara hawa, tsaunuka ne tsirara ba bishiya, ciyawa ta bushe ƙayau, garken tumaki nan da can. Yace sunan da Turkanci yana nufin tudu mai tumbi, su kuma Kurdawa tun kakanni tudun buri suke ce masa saboda wata bishiya a ƙololuwarsa da mutane ke zuwa roƙon biyan buƙata a gindinta, kuma manoman ƙauyen Orenjik da ke kusa sun daɗe garmarsu na karo da manyan duwatsu a wajen suna jin haushi.

Muka yanki tikiti wata ƙaramar bas ta ƙarasa da mu sama, sai ga wata ƙatuwar rumfa fara kamar tanti an kafa ta a kan rami, an zagaye da gadar katako da zaka bi kana leƙen ƙasa. Ɗakuna ne zagayayyu irin zubin ɗakin jinka amma na dutse, faɗin wani ya kai mita 20, a jikin bango an jera ginshiƙai na farin dutse kowanne falle ɗaya ne ba haɗi, samansa da faɗi kamar harafin T, a tsakiya kuma guda biyu da suka ɗara sauran, tsayinsu mita 5 da rabi, ka ɗora maza uku kan juna kenan, nauyi ana maganar tan 10. Da farko ginshiƙi kawai na gani sai da Auta yace ki duba gefensa da kyau. Sai naga hannu. An sassaƙa dogon hannu ya gangaro ta gefe ya lanƙwaso, yatsu sun haɗu wajen cibiya, ga ɗamara a ƙugu, ga fatar dila na reto a gaba kamar warki. Ashe mutum ne a tsaye, faɗin saman shine kansa, amma ba ido ba hanci ba baki. Tsigar jikina ta tashi.

Sauran ginshiƙan kuma dabbobi ne a jikinsu, dila, maciji ba ɗaya ba ba biyu ba, kunama, gizo-gizo, aladen daji ya fito da haure, gauraka, sai kace an tara mutanen tatsuniya waje ɗaya. Akwai wanda suke ce wa dutsen ungulu, ita ungulun ta buɗe fiffike da wani abu mulmulalle a kansa, ƙasanta ƙatuwar kunama, can gefe mutum ba kai. Akwai wata dabba kamar damisa da aka sassaƙo ta fito daga jikin dutsen gaba ɗaya tana gangarowa da kai ƙasa, haƙarƙarinta ana ƙirgawa. Ni na san aikin hannu in na gani, wanda yai wannan ba ranar ya fara ba, a wajen wani ya koya kuma ya daɗe yana yi.

Bazan ɓoye muku ba da farko raina bai kwanta ba. Jiya-jiya ina inda ake ba da labarin wanda ya karya gumaka yau gani tsaye a kan abunda yai kama da su, sai da nai ta'awwuzi a hankali. Amma da na tsaya na nutsu sai na tuna ai an umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda waɗanda suka gabace mu suka ƙare, to gashi ina dubawa. Mutanen nan basu bar rubutu ko harafi ɗaya ba, sunansu ya tafi yarensu ya tafi abunda suke faɗa in sun taru a ɗakunan nan ya tafi, su da Mahaliccinsu.

Wata budurwa ce ke wa ayarin Turkawa bayani, muka raɓe a bayansu Auta na fassara min. Tace an fara ginin nan wajen shekara 9,500 kafin haihuwar Annabi Isa, wato yau shekara 11,500 kenan. Lambar bata shige ni ba sai da Auta ya karya min ita, yace Yaya babbar dalar Fir'auna ta Giza shekararta wajen 4,500, to tsakanin masu wannan ginin da masu dalar shekara 7,000 ne, ma'ana mu da Fir'aunan mun fi kusa da juna akan shi da mutanen nan. Na saki baki. Kuma lokacin basu san ƙarfe ba, ba taya, ba jakin dako, ko tukunyar ƙasa ba a fara ginawa ba, da dutsen ƙyastu suka fafe ginshiƙan daga jikin tsaunin nan kusa suka jawo su, har yanzu akwai wani a mahaƙar da basu gama cirewa ba mai kusan mita 7. Ƙasusuwan da aka tono tuli guda kuma na namun daji ne, barewa ta fi yawa, sai shanun daji da jakin daji da alade. Maharba ne da masu tsintar abincin daji, irin mutanen da a makaranta aka nuna mana su a hoto tsugune bakin kogo kamar basu san komai ba.

Tace tun 1963 masu bincike daga jami'ar Istanbul da ta Shikago sun zo sun ga wajen suka ɗauka tsohuwar maƙabarta ce suka wuce. Sai 1994 wani Bajamushe Klaus Schmidt ya hau tudun ya ga ɓarɓashin dutsen ƙyastu ko'ina ya gane abun ya wuce haka, 1995 aka fara tono, ya ƙarar da sauran rayuwarsa a nan har ya rasu a 2014, a 2018 UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wajen cikin kayan tarihin duniya. Kuma abunda aka tono kaɗan ne, na'ura ta nuna akwai wasu ɗakunan kwance a ƙarƙashin inda muke takawa, ga kuma wasu tuddan irinsa a yankin kamar Karahan Tepe da ake kan tonowa yanzu.

Kowa na ɗaukar hoto ni kuma tambaya ɗaya ce ta tsaya min a rai, wa ya ciyar da su? Ni mace ce, na yi girkin biki na yi na suna na yi na zaman makoki, kuma na tashi a hannun kakata Iya a ƙauye can ƙasar Kazaure na ga gayya da idona, ta noma da ta yaɓen ɗaki. Hannu ɗaya baya ɗaukar jinka, to ina ga dutse mai tan 10. Kuma duk wanda ya taɓa kiran gayya ya san ba samarin da ke gona da kalangu ne masu wahalar farko ba, tun kwana biyu kafin ranar mata ke surfe da daka da niƙa, a dama kunu a kirɓa fura a tuƙa tuwo, in abinci bai isa ba gayya ta watse kuma baɗi ba mai amsa kiranka. Nace Auta tambayar min ita. Yarinyar tai murmushi tace ku je gidan tarihi na cikin gari, amsarki na can.

Bayan azahar muka je. Gidan ƙato ne, a 2015 aka buɗe shi, kuma an tsara shi ne kana tafiya zamani na tafiya. Farko gatura ne na dutse da aka fasa aka fitar musu da kaifi, na mutanen da suka rayu dubban ɗaruruwan shekaru suna bin dabba suna bin ruwa, Auta yace mafiya tsufan irin kayan nan a duniya a Afirka aka same su, Kenya da Habasha da Tanzaniya. Gaba kaɗan sai ga wasu 'yan gatura sumul-sumul an goge su, ina gani nace la, gatarin aradu! Wanda manoma ke tsinta a gona a ce tsawa ce ta jefo shi, Iya na da ɗaya a cikin lefenta. Ashe hannun mutum ne ya goge shi, mutanen da suka riga mu zama a ƙasarmu. Nan Auta ya tuna min kwalekwalen Dufuna na jihar Yobe da wani Bafulatani ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987, mita 8 da 'yan kai, shekararsa wajen 8,000, yana cikin mafiya tsufa a duniya, kuma mu nawa ne muka taɓa zuwa ganinsa. Abun ya min ciwo.

Akwai mutum-mutumin da suke ce wa mutumin Urfa, tsayinsa mita 1.80 daidai tsayin namiji, idonsa baƙin dutse ne mai ƙyalli kamar gilashi, ba shi da baki, an tono shi ne ana aikin gini dab da tafkin kifin nan da nai sallah jiya, kuma shi ake ɗauka mafi tsufan mutum-mutumi mai girman mutum da aka sani. An kuma gina kwafin babban ɗakin Gobekli a ciki yadda zaka shiga tsakiya ka tsaya gindin ginshiƙan ka ɗaga kai. Duk na gani. Amma inda ƙafata ta ƙi gaba wani gilashi ne da ba kowa a gabansa.

Dutsen niƙa ne da ɗansa. Baƙi, tsakiyarsa ta lotsa ta yi sulɓi saboda guga, ɗan na kwance a kai kamar yanzu mai shi ta tashi ta je duba tukunya. Wallahi tallahi ba abunda ya raba shi da na Iya, har yadda gefe ɗaya ya fi cinyewa. Ina tsaye sai naji ƙamshin gero jiƙaƙƙe a hancina, na ga Iya durƙushe da asuba ta ɗaure ƙugu tana turawa tana jawowa tana waƙar niƙa ƙasa-ƙasa, ni ina gefe ina tara garin a faifai. Ƙwalla ta cika min ido a gaban mutane. Auta yai shiru don shi bai riski Iya da ƙarfinta ba, a zamanin inji ya taso.

A Gobekli an samu irin duwatsun nan sama da 7,000, ga manyan kwamaye da aka fafe daga dutse har mai cin lita 160. Masu bincike sun duba irin gugar da ke jikinsu suka ce hatsi aka dinga ɓarzawa ana fate ko kunu da shi, wasu na ganin har da abun sha mai tsami irin burkutu. Hatsin kuma na daji ne, alkama da sha'ir da suke fitowa da kansu, don bayan ƙarewar zamanin ƙanƙara wajen shekara 11,700 da suka wuce ruwan sama ya wadata tsaunukan nan suka rufe da su. Daren nan ban yi barcin kirki ba ina ta bincike a waya, a nan na ci karo da labarin wani tsohon ƙauye a bakin Furat cikin Siriya mai suna Abu Huraira, an tone shi a 1972 da 1973 kafin ruwan dam ya shanye shi. Wata mai bincike daga Ingila ta duba ƙasusuwan mutanen ta ga na mata da yawa babban yatsan ƙafarsu ya lalace, gwiwa tai kauri, ƙashin baya ya ci wuya, duk saboda durƙuson niƙa na awanni kullum. Iya ma haka gwiwarta take da kanta baƙi ƙirin, kuma da ciwon baya ta ƙare rayuwarta Allah ya jiƙanta. Ana ta maganar wa ya sassaƙa ginshiƙi wa ya jawo shi, ni dai matan nan su ne nawa.

Daga kan tudun in ka kalli gabas akwai wani tsohon dutse mai aman wuta, Karajada. A 1997 masana suka gwada ƙwayoyin halittar wata tsohuwar irin alkama mai ƙwaya ɗaya suka ga wadda ake nomawa ta fi kusa da ta dajin da ke fitowa a jikin dutsen nan. Yadda abun ya faru kuwa duk 'yar ƙauye zata gane. Hatsin daji da ya nuna zangarniyar ke farfashewa ya zube ƙasa, haka yake shuka kansa, to in ka zo girbi wanda zaka samu a hannunka shine ɗan ƙalilan ɗin da ya maƙale bai zube ba, in ka ajiye iri daga shi ka watsa baɗi ka sake girba ka sake ajiyewa, a hankali cikin ɗaruruwan shekaru sai ka wayi gari da hatsin da baya zubewa sai an sussuka, shi ba zai rayu ba sai da kai, kai ma ka daina yawo ka zauna gadinsa. Geronmu ma haka akai masa a nan Sahel, an samu shaidarsa a kwarin Tilemsi na Mali ta wajen shekara 4,500. Shi Schmidt ra'ayinsa shine taron ne ya zo farko, buƙatar ciyar da masu aikin ginin ita ta tura mutane ga noma. Waɗanda suka gaje shi sun tono gidajen kwana da ramukan tara ruwan sama a wajen, suka ce a'a mutane na zaune a nan dindindin, gari ne da ɗakunan taronsa. Ni a nawa ganin duk wanda ya zama daidai magana ɗaya ce, mutane basu jira sarki ko dogari ba kafin su haɗu su ɗaga abunda ya fi ƙarfinsu, gayya ta riga sarauta.

Rana ta uku bayan mun je maƙamin Annabi Ayuba baffan nan mai tasi ya kai mu Harran, kilomita 44 kudu, dab da iyakar Siriya. Hanya shimfiɗaɗɗiya, gonakin auduga fari fat ana tsinta, ruwan dam ɗin Ataturk ne ke shayar da su. Muna shiga naga gidaje masu tsinin kai na tubalin ƙasa a jere nace Auta waɗannan ai rumbuna ne, yace gidajen kwana ne Yaya, muka shiga ɗaya sanyi kamar randa, aka bamu wani gahawa mirra mai ɗacin gaske a ɗan mitsitsin kofi. Garin nan tsoho ne na gasken gaske, sunansa ma a tsohon yaren Akkad yana nufin hanya ko ayari, zangon fatake ne tun shekaru dubbai, abun ya min daɗi ni 'yar fatauci. A nan aka haifi Ibn Taimiyya a 1263, yana yaro iyayensa suka gudu da shi Dimashƙa saboda mayaƙan Mongol, haka Albattani masanin taurari ɗan nan ne. Ga kangon babban masallacin da ake dangantawa da Marwan na biyu, halifan Umayyawa na ƙarshe, hasumiyarsa mai kusurwa huɗu na nan tsaye ita kaɗai. Kafin Musulunci garin cibiyar bautar wata ne, kuma a 1956 aka gano allunan dutse na Nabonidus sarkin Babila na ƙarshe an kife su a ƙofofin masallacin ana takawa a shiga.

A nan zaune kan wani dutse Auta ya ƙarasa min zancen. Yace Yaya ruwan filin nan gangarawa yake ya faɗa Furat, ki bi Furat ɗin har kudancin Iraƙi zaki tarar da kangon Uruk, can ne bayan shekara wajen 6,000 da fara Gobekli aka samu birni na sosai, ana ƙiyasta mutum 40,000 a cikinsa. Noman rani da ruwan kogi ya kawo rarar hatsi, rara ta kawo rumbu, rumbu ya kawo mai riƙe makulli, shi kuma dole ya san nawa ya shiga nawa ya fita, to wajen shekara 3,300 kafin Annabi Isa suka fara danna kara a jikin ɗanyen yumɓu suna ajiye lissafi. Mafi yawan rubutun farko da aka tono ba waƙa bane ba labarin yaƙi ba, sha'ir mudu kaza, tumaki kaza, rabon ma'aikata kaza. Na taɓa littafin bashin da ke jakata nace ashe sana'armu ce ta haifi biro.

Sai dai akwai abunda ya tsaya min. A gidan tarihin na ga wasu kwanonin ƙasa munana marasa ado duk kusan girmansu ɗaya, na zamanin Uruk ne, ana samunsu dubbai har a wani tudu Hajinebi kusa da Birejik inda muka tsallaka kogi, kuma da yawan masana na ganin da su ake auna wa ma'aikata abincin yini. Na dinga haɗa su a raina da kwamin nan mai lita 160. Can ana zubawa a babban mazubi kowa ya sa hannu, nan kuma an zo layi kowa da kwanon awonsa wani na zaune yana rubutawa. Birni ya zo da rubutu da doka da kasuwa kuma ina cin moriyarsu kullum, amma ban ji daɗin kwanon nan ba, kuma na tabbata a duka biyun wadda ta niƙa garin tana can baya a durƙushe.

Na sayi isot kilo biyu da mayafan makuba dozin ɗaya na gwaji, Auta ya raka ni filin jirgi, na bi ta Istanbul na dawo gida. Kayana basu ma iso ba na shiga mota na tafi ƙauye. Gwaggo na ganina tace lafiya 'yar nan ba sanarwa? Nace Gwaggo ina dutsen niƙan Iya? Tai ta tunani sannan tace ai tunda inji ya zo garin ba wanda ya ƙara bi ta kansa, duba bakin rijiya. Can na same shi an kife shi ana taka shi ana wanke ƙafa, gansakuka ta rufe gefensa. Na sa yara biyu suka ciccibo shi da ƙyar muka juya shi, lotsawar na nan sumul, na sa tafin hannuna a ciki ya zauna daidai. Yanzu yana tsakar gidana gindin bishiyar lemo. Ɗan ne har yau ba a gani ba, Gwaggo tace zata sa a duba tsohon ɗakin Iya in an kwashe kayan amfanin gona.